Maginiyar Rairayi: Yadda A Ke Gane Tsutsar Teku Da Gininta

Babu gidan da ba a san zanzaro ba. Da zarar ya sami laka, sai ka gan shi yana kai da kawowa da ɗan curi a baki, yana liƙawa a kusurwar ɗaki ko bayan ƙofa, har ya tayar da ɗan ɗakinsa. Haka nan gara, wadda ba ta fi ƙwayar shinkafa girma ba, ta kan gina shuri ya fi mutum tsawo. Ko yaro ƙarami, in ya ga ginin, ya san mai shi tun bai gan shi ba.

Ashe a cikin teku ma akwai magina. A wannan wata muna so mu kai ku bakin teku, mu nuna muku wata tsutsa wadda ta ke tsintar rairayi ƙwaya ɗaya ɗaya tana gina wa kanta gida, mu kuma koyi yadda masana su ke bambanta ta da maƙwabtanta. Wataƙila wani zai ce, ina ruwanmu da sunan tsutsa? Ku yi haƙuri ku bi mu har ƙarshe. Za ku ga abincin masunta, da dokar ƙasa, da sanin ko ruwa ya gurɓace, duk su kan rataya a kan wannan suna.

SA'AD DA TEKU YA JANYE

Yawancinmu nesa da teku aka haife mu. Kogi muka sani, wanda ya kan cika da damina ya janye da rani, sau ɗaya a shekara. Teku kuwa, a yawancin gaɓarsa, sau biyu ya ke cikowa, sau biyu ya ke janyewa kowace rana. Wata ne ya ke jan ruwan, rana kuma tana taimakonsa. Inda gaɓa ta ke a shimfiɗe, ruwan ya kan koma baya da nisa, ya bar fili na rairayi da taɓo, har mutum ya yi tafiya da ƙafa a inda ɗazu kwalekwale ya ke wucewa.

Irin wannan fili mafi girma a Turai shi ne wanda a ke kira Wadden, a gefen Tekun Arewa. Ya taso daga Holan, ya bi ta Jamus har Denmak, wajen kilomita 500. Bari mu ɗauka muna tsaye a can da sassafe, ruwa ya janye, mun bi shi har kusa da inda ya tsaya. Abin da za mu gani a gabanmu ya yi kama da gonar da aka girbe aka bar tushiya, sai dai waɗannan tushiyoyi ƙanana ne ƙwarai. Kowannensu bai kai fensir kauri ba, ya ɗago daga ƙasa kamar gaɓar yatsa ɗaya ko biyu, watau santimita 1 zuwa 4. A kansa kuma akwai geza kamar rassan ƙaramar bishiya. In muka durƙusa muka duba, sai mu ga ba tsiro ba ne. Dukansa rairayi ne da gutsattsarin kumba, an jera an liƙe. A wurin da suka yi albarka, a kan sami dubbai cikin murabba'in mita ɗaya, wurin da bai kai faɗin tabarma ba.

Wannan shi ne ginin tsutsar da mu ke kira maginiyar rairayi. A littattafan masana sunanta Lanice conchilega. Wani masani Bajamushe, Peter Simon Pallas, shi ya fara rubuta bayaninta a shekarar 1766, daga waɗanda aka samo a gaɓar Holan. Ma'anar conchilega da harshen Latin ita ce mai tara kumba. Bayan shekara 100 daidai, a 1866, wani masani ɗan ƙasar Finlan mai suna Malmgren ya ga ba ta dace da zuriyar da aka sa ta a ciki ba, ya ware mata tata, ya kira ta Lanice.

'YAR'UWAR TANA CE

Kada kalmar tsutsa ta ba ku ƙyama. Wannan ba irin tsutsar ciki ba ce. Ba ta shiga jikin mutum, ba ta kuma cizo. Danginta da muka sani a gida su ne tana, wadda ta kan fito bayan ruwan sama, da matsattsaku na fadama. Dukansu jikinsu gaɓa gaɓa ne kamar rake. Abin da ya bambanta na teku shi ne tukkayen gashi mai tauri da su ke da shi a gefen gaɓoɓinsu. Masana sun ƙidaya fiye da iri 10,000 na waɗannan tsutsotsi masu gashi, har yanzu kuwa ana samun sababbi kowace shekara. Waɗansu yawo su ke yi suna farauta. Waɗansu kuwa a cikin gidan da suka gina za su ci, su girma, su mutu. A kan masu gidan nan mu ke magana.

Da ya ke mai gida ba ta cika fitowa ba, gini ne baƙo ya ke fara gani. Saboda haka daga gini a ke fara tambaya.

TAMBAYOYI HUƊU

Ta fari: da me aka yi ginin? Da rairayi, ko taɓo, ko wani abu mai kama da fata?

Ta biyu: yaya aka jera kayan? Gefe da gefe, ko wani a kan wani, ko kuwa barkatai?

Ta uku: yaya bakinsa ya ke? A miƙe, ko a lanƙwashe, da geza ko babu?

Ta huɗu: shi kaɗai ya ke tsaye, ko a manne ya ke da na maƙwabta?

Ga amsar maginiyar rairayi. Da rairayi mai ɗan gwaɓi da gutsattsarin kumba ta yi shi. Bututun yana lanƙwasuwa a hannu ba tare da ya fashe ba, gama ta shafe cikinsa da wani yauƙi mai ƙarfi. Bakinsa yana da geza, gezar ma da rairayi aka yi ta, ƙwaya bayan ƙwaya kamar tsakiya a zare. Kowane bututu shi kaɗai ya ke tsaye, ko da sun yi cunkoso. Abin da ya fito sama kuwa ƙofa ce kawai. Sauran gidan yana can ƙasa, ya kan kai santimita 45, kusan kamu guda.

To, bari mu yi wa maƙwabtanta waɗannan tambayoyi.

Akwai mai ƙaho, Lagis koreni. Gidanta kamar ƙaramin ƙahon wanzami ya ke, faɗi a gefe ɗaya, tsini a gefe ɗaya, a buɗe duka biyu, bai cika wuce santimita 8 ba. Jeri ɗaya tak ta yi, amma ta haɗa ƙwayoyin gefe da gefe ba kafa, yadda ko gwanin magini sai ya jinjina mata. Ginin da tauri ya ke, in ka matsa shi sai ya fashe. Kanta a ƙasa ta ke zama, tsinin ƙahon a sama, tana haƙa da waɗansu ƙayoyi masu ƙyalli kamar zinariya da ke kanta. In za ta ƙaura, da gidanta ta ke tafiya.

Akwai mai mazari, Owenia fusiformis. Ita ƙwayoyi masu faɗi ta ke zaɓa, ta liƙe kowace ta gefe ɗaya kawai, wata a kan wata kamar ɓawon kifi. Gidan yana da kauri a tsakiya, ya tsuke a kai da ƙarshe kamar mazarin kaɗi, abin da sunanta na Latin ya ke nufi ke nan. Ba ta da geza.

Akwai mai saƙar zuma, Sabellaria alveolata. Tsutsar ba ta wuce santimita 3 ko 4 ba, amma ba ta gini ita kaɗai. Bangonta shi ne bangon maƙwabciyarta, har su tayar da tudu mai tauri, wanda in ka dube shi daga sama sai ka ce saƙar zuma ce. Mafi girman irin wannan gini a Turai yana mashigin Mont-Saint-Michel a Faransa.

Akwai mai fata, Chaetopterus. Gidanta kamar busasshiyar fata ya ke, ko takarda mai kauri. A lanƙwashe ya ke a ƙarƙashin ƙasa kamar baka, da ƙananan ƙofofi biyu a sama. In aka taɓa ta cikin duhu, ta kan ba da haske shuɗi.

Ta ƙarshe ita ce mai ado, Diopatra. Ita ce baƙo ya fi rikitawa da maginiyar rairayi, gama ita ma tana son kumba. Amma bututunta ya kan fi kauri, bakinsa kuma a karkace ya ke kamar bakin buta, babu geza. A jikinsa ta ke rataye kayanta: manyan gutsattsarin kumba, ciyawar teku, ɗan tsinke, duk abin da ruwa ya kawo.

SAI AN GA MAI GIDA

Da a ce gini kaɗai ya isa, da aikin ya yi sauƙi. Amma Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Raƙuman ruwa su kan karya gezar maginiya, ta koma kamar ba ita ba. Tsutsa da abin da ta samu kusa ta ke gini, saboda haka iri ɗaya ya kan yi gida fari a nan, baƙi a can. Wani bututun kuma kango ne, mai shi ta mutu, ko wata halitta dabam ta tare a ciki. Gini ya kan nuna maka unguwa, amma sunan mai gida sai ka gan ta.

Ba a fizgo bututu da hannu. Da tsutsar ta ji motsi, sai ta sulale ƙasa, a bar ka da guntun rairayi. Shebur a ke kafawa a gefe, a zurfafa, a ɗago curin ƙasa gaba ɗaya. Sa'an nan a wanke shi cikin rariya da ruwan teku, a sa bututun a farin kwano mai ruwan teku, a tsaga shi a hankali da reza. Ruwan rijiya ko na famfo kashe ta ya ke yi.

Ga abin da za mu gani in maginiyar rairayi ce. Babba ta kan kai santimita 30. Gabanta a kumbure ya ke, bayanta siriri. Launinta tsakanin rawaya ne da ja-ja da ƙasa-ƙasa. A kanta akwai tarin zaruruwa farare masu motsi, kamar abawar da ta warware. Bayan su akwai waɗansu abubuwa ja wur masu rassa, uku a dama uku a hagu. Da su ta ke numfashi cikin ruwa, jininta ne ya ba su wannan launi. Daga nan sai a fara ƙidaya. Gaɓoɓin jikinta duka su kan kai 150 zuwa 300, amma masu tukkun gashi a gaba 17 ne. In aka sa ta ƙarƙashin madubin nan mai ƙara wa ƙananan abubuwa girma, za a ga ƙananan ƙugiyoyi a gefen jikinta, waɗanda ta ke kama bangon gida da su. A waɗansu gaɓoɓin jeri biyu su ke, sun ba juna baya. Masana suna duban wannan jeri ƙwarai, gama danginta da yawa nasu ƙugiyoyin fuskantar juna su ke yi.

Mai ado kuwa, da ta fito cikin kwano, gardama ta ƙare. Ba ta da tarin zaruruwa. Dogayen ƙahoni biyar ta ke da su a kai, gindin kowanne zobe zobe. Abin numfashinta a murɗe ya ke kamar burushin wanke kwalba. Tana da muƙamuƙi mai ƙarfi, ta kan leƙo daga ƙofa ta cafke abinci ta koma.

Mai bincike na kirki ba ya tashi sai ya rubuta wuri, da kwanan wata, da irin ƙasar da ya haƙa. Ya kan ɗauki hoto tun tsutsar tana da rai, gama launi ya kan koɗe, sa'an nan ya ajiye ta cikin kwalbar sifirit. Kwalba marar takarda ba ta da amfani ga kowa.

YADDA TA KE GINI, YADDA TA KE CI

Kowane zaren nan na kanta yana da ɗan kwari a tsawonsa, cike da ƙananan gashi masu kaɗawa. In zaren ya kama ƙwayar rairayi, sai gashin su yi ta miƙa ta har bakin tsutsa, kamar yadda 'yan gayya su ke miƙa wa juna tubali. A baki ta kan juya ƙwayar, ta shafa mata danƙo daga jikinta, ta ɗora a gefen bango. In ruwa ya karya kan bututun, ko kifi ya gatsa shi, ba ta daɗewa ta gyara. In rairayi ya binne ƙofa, sai ta ƙara wa ginin tsawo.

Abin mamaki shi ne wannan danƙo a cikin ruwa ya ke kamawa. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin liƙe jiƙaƙƙen takalmi ya san wuyar abin. Masu bincike a Jami'ar Utah ta Amurka sun yi shekaru suna nazarin danƙon wata tsutsa maginiya ta gaɓar Kalifoniya, suna neman su kwaikwaye shi don haɗa ƙananan gutsattsarin ƙashin da ya karye.

Gezar ma ba ado ba ce. Ta kan shimfiɗa ta a gicciye da hanyar ruwa, kamar yadda masunci ya ke gitta taru a kogi. Gezar ta rage wa ruwa gudu, ɗan abincin da ya ke ɗauke da shi ya sauka, zaruruwan da ke kwance a kan rassan su tsince. In ruwa ya yi shiru, sai ta miƙa zaruruwan ta share ƙasar da ke kewaye da ita. A cikin bututun kuma tana hawa tana sauka, tana turo sabon ruwa ƙasa, har rairayin da ke kewaye ya sami iska.

Manomi ya san amfanin barin kara a gona da rani, yadda ya ke tare ƙasa kada iska ta kwashe. Haka dubban bututun nan su ke yi wa ruwa. Rairayi ya kan taru a tsakaninsu ya yi 'yan tuddai, ƙananan halittu iri iri su sami mafaka. 'Ya'yan kifayen nan masu faɗi, waɗanda su ke kwanciya a ƙasan teku, a nan su ke kiwo, tsuntsayen gaɓa kuma su zo su ci rabonsu in ruwa ya janye.

Ƙwayayenta a ruwa ta ke zubarwa. Jaririyar ta kan yi yawo cikin teku har wajen wata biyu, a cikin wani ɗan kwanso mai haske kamar gilashi, kafin ta sauka. Ta fi son ta sauka a jikin ginin manya. Babban abokin gābarta a gaɓa shi ne sanyi mai tsanani. A hunturun 1995 zuwa 1996, sanyi ya kashe na wani fili kusa da tsibirin Sylt a Jamus ƙaf. Masana suka yi ta lura da wurin, sai da aka yi wajen shekara uku kafin ya koma yadda ya ke a da.

INA AMFANIN SUNA?

Yanzu mun zo ga tambayar da muka fara da ita. Ga misalai uku.

A ƙasar Fotugal akwai wani babban tabkin gishiri da a ke kira Ria de Aveiro. Mutane da yawa a can da haƙar mai ado su ke samun kuɗi, gama masu fatsa suna saye su sa a bakin ƙugiya. Wani bincike da aka buga a 2005 ya kimanta cewa a reshe ɗaya na tabkin kaɗai, a kan haƙi wajen tan 45 a shekara. Tun da daɗewa kowa ya ɗauka iri ɗaya ce a gaɓar Turai, watau Diopatra neapolitana, wadda wani masanin Italiya, Delle Chiaje, ya ba suna a 1841 daga birnin Napoli. Da aka duba da kyau, sai aka tarar a Fotugal akwai wata, wadda aka fara bayyanawa daga Maroko a 1995. A 2010 aka sami ta uku a Aveiro kanta, mai zane zane a ƙahoninta. A 2012 kuma aka gane cewa waɗansu na gaɓar Faransa wani iri ne dabam, aka ba su nasu suna. Ɗaya daga cikin abubuwan da a ke rarrabe su da shi, wani ɗan gashi ne mai kama da matsefi, wanda ido ba ya gani sai da madubi. Na 'yar Napoli haƙoransa 5 zuwa 10 ne, na waɗansu ya kan fi haka.

Wannan ba wasan masana ba ne. 'Yar Napoli a ruwa ta ke zubar da ƙwai, 'ya'yanta su yi ɗan iyo kafin su sauka. 'Yar Maroko kuwa a cikin gidanta ta ke renon nata. Wanda ya haƙe uwa ya haƙe har 'ya'ya. In hukuma za ta faɗi lokacin da za a haƙa da lokacin da za a bar wuri ya huta, tilas ta san wace ce a ƙasa, in ba haka ba a cinye iri, sana'a ta mutu.

Misali na biyu na doka ne. A 1992 ƙasashen Tarayyar Turai suka yi dokar kare muhallin halittu, a ciki har da tuddan ƙarƙashin ruwa waɗanda halittu su ke ginawa. Ginin mai saƙar zuma ba a yi wata gardama a kansa ba. Amma na maginiyar rairayi fa, wanda ba a manne ya ke ba? Masana a Jami'ar Ghent ta Beljiyam suka auna tsawon tuddanta da ƙarfin ƙasarsu da yawan bututun, suka buga sakamako a 2009, suka ce inda ta yi cunkoso ya cancanci a lissafa shi. Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne manyan jiragen kamun kifi masu jan taru mai nauyi a ƙasan teku. In mai awo ya kuskure suna, ko dai a hana masunta wurin da bai kamata ba, ko a bar taru ya share makiyayar 'ya'yan kifi.

Misali na uku na mai ne. A watan Satumba na 1969 wani jirgin dakon mai ya kafe kusa da West Falmouth a jihar Massachusetts ta Amurka, mai ya malale ya kashe yawancin halittun da ke cikin taɓo. Ba a daɗe ba sai wata 'yar jar tsutsa siririya mai suna Capitella ta cika wurin maƙil, gama ita tana jure ƙazantar da ta kori sauran. Masana a ƙasashe da yawa sun daɗe suna ɗaukar yawanta alama ce ta gurɓataccen wuri. Sai a 1976 wani masani da matarsa, Frederick da Judith Grassle, suka nuna cewa abin da a ke kira da suna ɗaya a wannan yanki iri shida ne, kamanninsu kusan ɗaya, amma haihuwarsu da yadda su ke yaɗuwa dabam dabam. Tun daga nan mai ƙidaya ya koyi yin hattara. A yau, ban da madubi, ana gwada ƙwayoyin gado na jikin tsutsa, waɗanda a ke kira DNA, don a tabbatar.

GAƁARMU FA?

Mai ado ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma. Tun a 1918 wani masani Bajamushe, Augener, ya ba wata irinta sunan birnin Monrobiya na Laberiya. A shekarun baya, jirgin bincike na ƙasar Norwe mai suna Dr. Fridtjof Nansen ya bi gaɓar Afirka ta Yamma yana ɗebo taɓo daga ƙasan teku, aka kai samfurin gidan adana kayan tarihi na Jami'ar Bergen. Wani nazari da aka buga a 2022 ya nuna cewa a wannan gefen Tekun Atlantika akwai ire-iren mai ado da yawa waɗanda ba a ba su suna ba tukuna.

Gaɓar Nijeriya ta kai wajen kilomita 850, an kuma sami mai a Oloibiri tun 1956. Ɗaya daga cikin hanyoyin sanin lafiyar ƙasan teku a wurin da a ke haƙar mai ita ce a ɗebo taɓo, a tace, a ƙidaya mazaunansa iri iri, a dawo baɗi a sake ƙidayawa. Wanda bai san sunayensu ba, ba zai san wanda ya ɓace ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Aikin yana bukatar mutane masu haƙuri da kaifin ido, ba mu ga dalilin da zai hana su fito daga cikin 'ya'yanmu ba.

Ku masu karatunmu na Legas da Fatakwal da Kalaba, da na Akra da Duwala, in kun sami rana, ku ɗauki yara ku je inda ruwa ya ke janyewa ya bar taɓo ko rairayi. Ku fara tambayar masuntan wurin lokacin da ruwa zai dawo, gama ya kan dawo da sauri, kada kuma ku bar yaro shi kaɗai. Ku tambaye su sunan da su ke kiran waɗannan tsutsotsi da harshensu, ku rubuta. In kun ga bututu, ku yi masa tambayoyin nan huɗu. In kun haƙa, ɗaya ta isa, ku mai da ƙasa cikin ramin.

Mu da mu ke nesa da teku kuwa, ba mu rasa wurin koyo ba. Ku sa yara su nemo ginin zanzaro iri biyu ko uku a cikin gida, su duba da me aka yi, yaya aka jera, yaya ƙofa ta ke, sa'an nan su zauna shiru su jira mai shi ya dawo, su ga ko wanda suka zata ne.